Tambayoyi da amsoshi kan aika ɗanyen kayan abinci da kayan ƙanƙara ta jirgin ruwa daga Tema

Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina harkar kwantenan sanyi tsakanin Ankara (Accra) da tashar Tema a Ghana, kuma da wuya mako ya wuce wani bai tsare ni ba a Nima bayan la'asar ko ya buga min waya, wannan yana son aika doya Landan, wata Hajiya tana son shigo da kaji da kifi ta buɗe kolsto, wato ɗakin sanyi na ajiye kayan ƙanƙara, a Madina, wani kuma daga Aboabo a Kumasi kayansa sun maƙale a tasha. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne shi yasa na tara su wuri guda, domin wallahi ganin mutum ya zuba jarin shekara biyar a kwantena ɗaya ya ruɓe abu ne mai ciwo, kuma yawancinsa ana iya kauce masa.

Malam wai menene rifa ɗin nan da kuke ta faɗa, ba kwantena ba ce kawai?

Kwantena ce amma mai inji. Bangonta mai kauri ne an cusa masa abinda ke hana zafi shiga, a gabanta kuma akwai injin sanyi irin na firiza amma babba. Abinda mutane da yawa basu sani ba shine bata da wutar kanta, dole a jona ta. A cikin jirgi akwai soket ɗinta, a tasha akwai filin da ake jera su a jona, in tana kan mota kuma sai an maƙala mata janareto wanda muke kira janset. Duk inda aka cire ta daga wuta toh injin ya tsaya kenan, bangon ne kawai ke riƙe sanyin na ɗan lokaci.

Akwai mai ƙafa 20 akwai mai ƙafa 40, amma doguwar mai ƙafa 40 ita tafi yawa, tana ɗaukar falet 20, wato dandamalin da ake jera katan a kai, irin na mita 1 da 1.2, nauyin da aka yarda a zuba kuma a rubuce yake a jikin ƙofa, yawanci wajen tan 27 zuwa 29. Cikinta bai kai na busasshiyar kwantena faɗi ba saboda kaurin bango da wurin inji, don haka kar kayi lissafin katan da na abokinka da ya taɓa loda shinkafa ko tayil.

In na zuba kayan da zafinsu ai injin zai sanyaya su a hanya ko?

A'a ɗan uwa, kuma in zaka manta komai a cikin rubutun nan kar ka manta wannan. Rifa ba a yi ta don ta cire zafi daga jikin kaya ba, an yi ta ne don ta riƙe sanyin da kayan suka shigo da shi. Kifi ko kaza dole sun daskare har cikin tsokarsu a kolsto kafin a loda, abarba da mangwaro dole an kwantar musu da zafin gona a ɗakin sanyi tukuna. In ka zuba tan ashirin da wani abu na kaya masu zafi, injin zai yi ta fama kwana da kwanaki, na gefe su yi sanyi na tsakiya suna nan suna gumi, kuma allon da ke jikin injin zai nuna maka lamba mai kyau saboda iska yake aunawa ba cikin katan ba.

Ni da idona na gani. Wata shekara na taya wani dattijo loda doya da aka sauke daga motar Techiman da tsakar rana, muna sauri saboda jirgi zai rufe karɓar kaya, bamu bari ta huce ta sha iska a inuwa ba muka zuba a katan muka rufe. Da aka buɗe a can katan ɗin tsakiya duk sun jiƙe sun yi laushi, doyar ta yi fumfuna, mai saye ya zaftare kusan rabin kuɗin. Injin bai taɓa tsayawa ba ko na awa ɗaya. Har yau in na tuna fuskar dattijon nan raina yana ɓaci, gara da mun bar jirgin ya tafi mun jira na mako mai zuwa.

Toh digiri nawa zan ce a sa min?

Ya danganta da kayan, kuma kai ne zaka rubuta wa kamfanin jirgi lambar a lokacin bukin, wato lokacin da kake kama wuri a jirgi, abinda ka rubuta shi zasu sa, in kayi kuskure naka ne. Kayan ƙanƙara, kaji, kifi, nama, 18 ƙasa da sifili ko ƙasa da haka, da yawa suna sa 20 ko 22 ƙasa da sifili don samun sarari. Ɗanyen naman da ba a daskarar ba ana riƙe shi kusa da sifili.

Amma kayan gonarmu na ƙasar zafi basa son sanyi da yawa. Doya wajen 15 zuwa 16 sama da sifili, in ta sauka ƙasa da 12 sanyin ne da kansa zai ɓata ta, cikinta ya canza launi ta yi ruwa. Ayaba 13 zuwa 14, mangwaro wajen 10 zuwa 12, abarba irin MD2 wajen 7 zuwa 8, citta wajen 13. Ka duba alamar ɗebewa da kyau a takardar bukin, ɗan layin nan da ke gaban lamba, domin tsakanin 18 da -18 akwai asarar kwantena guda. Kuma ka tabbatar ma'aunin Selsiyos ake magana, mutanen Amurka da Faranhait suke lissafi.

Meye zancen buɗe iska da rufe iska?

Ɗanyen kaya yana numfashi ko bayan an cire shi daga gona, yana fitar da zafi da iskar da in ta taru zata shaƙe shi, wasu kamar ayaba da mangwaro suna fitar da iskar etilin wadda ke sa nuna. Shi yasa akwai 'yar taga a jikin injin da ake buɗewa daidai gwargwado iska sabuwa ta shiga. Kayan ƙanƙara kuwa basa numfashi, tagar a rufe ruf, in aka barta a buɗe danshin teku zai shiga ya daskare a jikin injin ya toshe shi.

Wajen lodi ma akwai bambanci. Iskar sanyin daga ƙasa take fitowa ta cikin ramukan daɓen ta hau sama ta koma inji. Ɗanyen kaya ana son iskar ta ratsa cikin katan, don haka katan mai huji sama da ƙasa kuma hujin ya dace da na ƙarƙashinsa. Kayan ƙanƙara ana matse su wuri ɗaya kamar bulo iskar ta zagaye su. A duka biyun kar a wuce jan layin da ke saman bango, kar kuma a bar fili a daɓe ba a rufe ba, iska gajeriyar hanya take bi, in ta samu fili kusa da inji nan zata juya kayan bakin ƙofa basu samu komai ba.

Kayana basu cika kwantena ba, zan iya haɗawa da wani?

Zaka iya, mutanenmu suna yi sosai, amma sai kayan da digirinsu ɗaya kuma basa cutar juna. Doya da kifin ƙanƙara ba zasu taɓa shiga ɗaki ɗaya ba, duba amsar digiri a sama. Ayaba mai nuna zata nunar da na kusa da ita, albasa da kifi kuma warinsu yana kama komai.

Matsala ta biyu ta amana ce. Sunan mutum ɗaya ne yawanci ke kan takardar BL, wato takardar da kamfanin jirgi ke bayarwa wadda da ita ake karɓar kaya, in kayan mutum ɗaya suka samu matsala wajen masu bincike a can toh kwantenar gaba ɗaya ake riƙewa. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu, katan nawa na wa, waye zai biya in an samu jinkiri, ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, rubutun ba rashin yarda bane.

Kwana nawa jirgin ke yi, kuma yaushe ya fi kyau in bi ta sama?

Daga Tema zuwa Antwerp ko Rotterdam ko Ingila ka sa mako biyu zuwa uku, zuwa gabashin Amurka wata guda ko fiye. Abinda zaka tambaya shine jirgin kai tsaye ne ko sai an sauke kwantenar an canza mata jirgi a hanya, kamar a Tanja ta Maroko ko Algeciras ta Sifen, domin a wurin canjin ne kwanaki ke ƙaruwa. Sannan ka haɗa da kwanakin da zata yi a Tema kafin tashi da na kiliya, wato fitar da ita daga hannun kwastam, a can.

Doya, abarba, ayaba, mangwaro, citta da duk kayan ƙanƙara suna jure teku. Kuɓewa, ɗanyen tankwa, gauta da ganye basa jurewa, waɗannan ta filin jirgin sama ake bi da su duk da tsadar.

Ni doya nake so in fara da ita, me zan kula?

Ka zaɓi doya da hannunka ko hannun wanda ka yarda da shi, ko a kasuwar doya ta Konkomba a Agbogbloshie ko can Techiman, Atebubu, Kintampo, Salaga. Irin doyar da ake kira Pona ita 'yan Afirka mazauna Turai suka fi nema. Duk wadda fartanya ta sara ko ta ƙuje a mota ka ware ta ka sayar anan gida, ta wurin ciwon nan ruɓa ke shiga kuma guda ɗaya tana ɓata katan. Sabuwar doya ta farkon kaka tana da kuɗi a can amma ruwa ne a jikinta fatarta bata yi ƙwari ba, tafi saurin lalacewa, wanda bai saba ba gara ya jira ta ƙosa.

A goge ƙasar jikinta tas saboda masu binciken tsirrai basa barin ƙasa ta shiga ƙasarsu, a barta ta sha iska a inuwa ƙananan raunuka su bushe, a naɗe a takarda a jera a katan mai ƙarfi mai huji. In zaka ɗora a falet na katako dole ya zama mai hatimin ISPM 15 wanda ke nuna an gasa katakon ko an yi masa feshi.

Waɗanne takardu ake nema in zan fitar da kaya?

Rajistar kamfani da lambar haraji, rajista da hukumar GEPA mai kula da fitar da kaya, sai takardar fayto daga PPRSD na ma'aikatar noma wadda ke shaida an duba kayan gonan babu ƙwaro babu cuta. Abincin da aka sarrafa kamar fufu ko daskararren rogo yana bi ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. Sanarwar kwastam ana shigar da ita ta ICUMS, tsarin da aka koma kansa a 2020. Ga takardar farashi da jerin kaya da shaidar asalin kaya, wannan ta ƙarshen tana da amfani domin kayan Ghana suna shiga Tarayyar Turai da Ingila ba tare da diuti ba a ƙarƙashin yarjejeniyar ciniki. Tun Yulin 2016 kuma ba a ɗora kwantena a jirgi sai an bada tabbataccen nauyinta, shine VGM. Amurka tana da nata, dole a sanar da FDA ɗinsu kafin kaya su iso.

Kar ku raina fayto. A Oktoban 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wasu kayan lambu biyar daga Ghana, ciki har da tankwa da gauta, saboda ƙwari da aka yi ta kamawa a cikin kayan, ba a ɗage ba sai farkon 2018. Sakacin wasu kaɗan ya rufe wa kowa kasuwa sama da shekara biyu.

Yaya, zan iya sa kilishi ko wagashi ko bandar kifi a ciki?

Kilishi da wagashi a'a, nama da kayan madara daga nan basa shiga Turai ta wannan hanyar, in aka gani a kwantena ba su kaɗai za a ƙwace ba, doyar mutane ma zata zauna tana ƙirga kwana. Kifi yana shiga amma sai wanda ya fito daga masana'antar da aka amince da ita tana da lamba, da takardar lafiya, na teku kuma da shaidar kamu. Banda tana da ƙarin gwaji saboda hayaƙi yana barin wasu sinadarai da Turai ta sa musu iyaka. Manja ma ana bincikarsa saboda rinin Sudan da wasu ke zubawa don ya yi ja.

Ni kuma shigowa zanyi da kaji da kifi, daga ina zan fara?

Hajiya ki fara da izini kafin ki tura ko sisi. Nama da kaji suna buƙatar izinin shigowa daga sashen likitocin dabbobi na ma'aikatar noma, kifi daga ɓangaren hukumar kifi, sannan FDA ta san ki ta san kayan ta san kolsto ɗin da zaki ajiye. A samu izinin kafin a loda a can, ba bayan jirgi ya taso ba. In murar tsuntsaye ta ɓulla a wata ƙasa ana iya dakatar da kajinta, don haka ki tambaya a lokacin da zaki saya.

Akwai abinda aka hana gaba ɗaya, kamar gindin talotalo wanda ake kira cofi, an hana shigo da shi tun 1999 saboda yawan kitse, ƙa'idar kaji kitsen kar ya wuce kashi 15 cikin ɗari. A 2018 ma an hana shigo da tilapiya saboda wata cutar kifi. Diutin kaji kashi 35 ne a tsarin ECOWAS, ban da VAT da sauran ƙananan haraji, ki sa ejan, wato wakilin da ke fitar da kaya daga tasha, ya lissafa miki duka a rubuce.

Ya zan tabbatar kajin yankan halal ne?

Ki nemi takardar halal daga hukumar da ke sa ido a mayankar, ki duba lambar mayankar da ke kan takardar ta zo ɗaya da wadda ke jikin katan, da ranar yanka. Rubutun Larabci a katan kaɗai ba hujja bane. Brazil tana fitar da kajin halal da yawa zuwa ƙasashen Larabawa don haka samun su ba wuya, amma ba kowace mayanka ba ce, sai kin faɗa tun wajen ciniki an rubuta a yarjejeniya. Mutanen zango da amana suke saye a hannunki, wannan hakki ne a wuyanki.

Meye damarej, me yasa kowa ke kuka da shi?

Kamfanin jirgi yana baka 'yan kwanaki kyauta ka fitar da kwantena ka mayar masa da ita, in sun wuce kullum akwai kuɗi kuma yana hawa. Na rifa kwanakin kyautar basu kai na busasshiya yawa ba, kuɗin ya fi yawa, ga kuɗin ajiya na tasha daban, ga kuɗin wuta da sa ido na kowace rana tun daga ranar da aka jona ta. Uku kenan suna tafiya tare, Asabar da Lahadi ma suna ciki.

Maganinsa shiri ne tun jirgi na kan ruwa, BL na asali ko saƙon sakin kaya ta waya ya iso, izini a hannu, sanarwa ta shiga ICUMS, kuɗin diuti a ajiye. Ka ɗauki ejan mai lasisi wanda ya saba da rifa, kuma ka karɓi rasit na kowane biya. In kana ganin an caje ka ba daidai ba akwai hukumar Ghana Shippers' Authority da ke karɓar ƙorafi.

Daga Tema zuwa Kumasi dole sai da janset? Ai dare ɗaya ne.

Dole. Hanyar ta haura kilomita 250 kuma babbar mota ba kamar bas ba ce, ga cunkoso a fitar Ankara, ga hawan Nkawkaw, in taya ta fashe ko mota ta lalace dare ɗayan ya zama kwana biyu. Ka biya kuɗin mai isasshe, ka kuma bi sawu domin akwai direban da zai kashe janset a hanya ya rage mai ya kunna kusa da gari. Masu wucewa da kaya Burkina ko Nijar ta Paga su abin ya fi shafa.

A wajen saukewa a kashe injin kafin a buɗe ƙofa, a kwashe da sauri zuwa kolsto, ba a jibge katan a rana ana jiran aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ba. Kolsto ɗin ma ya zama da janareto mai aiki, mun san halin dumso, wato ɗauke wuta.

Ta yaya zan gane sanyi ya yanke a hanya?

Ka sa 'yar na'urar rikodin zafi a cikin kaya, loga muke ce mata, bata da tsada, ko biyu, ɗaya kusa da inji ɗaya kusa da ƙofa, ka rubuta lambarta a takardun kaya. Injin rifa ma yana ajiye nasa tarihin amma yana hannun kamfanin jirgi, taka ita ce shaidarka. Kafin lodi ka tambaya ko an yi wa kwantenar gwajin PTI, wato duba lafiyar inji kafin tafiya, ka shiga ciki ka shinshina, ka duba robar ƙofa da ramukan zubar ruwa, ka ɗauki hoton allon da lambar sil, hatimin da ake kulle ƙofa da shi.

Da ido ma ana ganewa. Kayan da suka narke suka sake daskarewa zaka ga katan ya lotse da tabon ruwa, jini ya daskare a ƙasan leda, kaji sun manne sun zama dunƙule ɗaya, ƙanƙara manya manya a ciki. Irin wannan kar a sayar wa mutane, a kira FDA su duba.

Inshora tana biya in kaya sun ruɓe?

Sai irin wadda ka saya. Inshorar kaya ta gama gari sau da yawa bata ɗaukar lalacewar da canjin zafi ya jawo, sai ka nemi ta kayan sanyi musamman, ita ma a sharaɗin da aka fi amfani da shi sai injin ya lalace ya tsaya awa 24 a jere. Bata biyan kayan da aka loda da zafi ko aka shirya su ba daidai ba, ko digirin da kai ka rubuta ba daidai ba, ka koma amsa ta biyu da ta uku. Masu shigo da kaya su sani dokar inshora ta 2021 ta ce a yi inshorar da kamfanin cikin gida.

In ka buɗe ka ga ɓarna ka dakata da saukewa, ka ɗauki hoto da bidiyo, ka kira mai inshora ya turo mai duba kaya, ka rubuta wa kamfanin jirgi nan take. A yawancin BL ɓarnar da ba a gani daga waje kwana uku gareka ka sanar a rubuce, shigar da ƙara kuma shekara ɗaya.

Mai saye ya ce in aiko in ya sayar zai turo kuɗi, in yarda?

Ga kayan da ke ruɓewa wannan shine ciniki mafi haɗari, domin da zarar kwantena ta isa kai baka da ƙarfi, ba zaka ce a dawo maka da doya ba, duk abinda ya ce ya lalace sai ka karɓa. Ka nemi wani kaso kafin lodi, sauran kafin ka saki BL, in cinikin babba ne a bi ta banki da wasiƙar lamuni. Ku rubuta sharaɗin a fili, FOB kai ka kai kaya cikin jirgi a Tema shi ya biya jirgi, CIF kai ka biya jirgi da inshora, amma a duka biyun haɗarin yana komawa kansa ne tun da kayan suka hau jirgi, mutane da yawa basu san haka ba game da CIF.

In dole sai kayi irin wancan cinikin, ka samu naka mutum a can da zai tsaya a wajen buɗe ƙofa ya ciro loga da hannunsa ya ƙirga katan. Kuma kuɗin su dawo ta banki, domin Bankin Ghana yana bin sawun kuɗin kayan da aka fitar ta takardar alƙawari ta LOC, wanda bai dawo da na baya ba zai sha wuya wajen fitar da kwantena ta gaba.